Inception: Fashin Baƙin Fim ɗin Ɓarayin Mafarki

Sau biyar na kalli Inception, kuma har yau idan aka zo wurin da farar motar nan ta ɓalle daga kan gada tana gangarowa ruwa sannu a hankali, sai na ji na gyara zama. Fim ɗin ya fito a watan Yulin 2010. Christopher Nolan ne ya rubuta labarin, shi ya ba da umarni, Leonardo DiCaprio kuma ya ja ragamar 'yan wasa. Tsawonsa minti 148. Mutane da yawa da na sani sun kalle shi sau ɗaya, suka ce kansu ya ɗaure, suka ajiye shi gefe. Saboda su na zauna wannan rubutu, domin abin da ya ɗaure musu kai yana da bakin zare, in ka kama shi sauran duk warwarewa suke yi. Wanda bai kalla ba kuma ya sani, zan fasa ƙwan labarin har ƙarshensa.

Dom Cobb, wato DiCaprio, ɓarawo ne, amma ba ya fasa shago, ba ya haura katanga. A duniyar fim ɗin akwai wata na'ura da ake ɗauka cikin jaka, wadda sojoji suka fara ƙirƙira don horar da dakaru. Ana soka wa mutane siririn bututunta a hannu, maganin barci ya shiga jini, sai su haɗu gaba ɗaya a cikin mafarki guda. Manyan kamfanoni suna ɗaukar irin su Cobb haya su shiga mafarkin abokin hamayya su sato masa sirri. Yadda ake yi yana da ban sha'awa: mutum ɗaya ne ke gina wurin da za a yi mafarkin, gari ko otal ko fada, sai a jawo wanda ake son yi wa sata a ciki, shi kuma zuciyarsa ta cika wurin da mutane. Duk masu wucewa a titi, da masu shan shayi, da masu gadi, daga cikin kansa suka fito. In kuma aka gina masa ɗakin ajiya mai ƙofar ƙarfe, da kanta zuciyarsa za ta kai abin da ya fi ɓoyewa ta zuba a ciki. Ɓarawo sai ya je ya buɗe.

Wani attajiri ɗan Japan mai suna Saito, wanda Ken Watanabe ya fito a matsayinsa, shi ne Cobb ya je yi wa irin wannan sata a farkon fim, aikin kuma ya ɓaci. Abin da ya tona asirin ƙaramin abu ne ƙwarai. An kwantar da Saito a kan kafet ɗin wani ɗaki da ya sani, fuskarsa ta taɓa shi, ya ji zaren ba na ulu ba ne kamar yadda ya san na ainihi, nan take ya gane har yanzu barci yake. Maimakon ya hukunta su, sai ya zo da tayi. Yana so a yi masa akasin sata: a shiga kan wani mutum a ajiye tunani a fito, ba tare da ya san an kawo masa ba. Wannan dashen tunanin shi ne ma'anar sunan fim ɗin. Wanda za a yi wa shi ne Robert Fischer, magajin wani gawurtaccen kamfanin makamashi da ke neman mamaye kasuwar duniya, mahaifinsa kuma yana kan gadon mutuwa. Ana so Robert ya tashi da safe ya ji a ransa cewa shi da kansa ya yanke shawarar wargaza daular mahaifinsa. Ladan Cobb ba kuɗi ba ne. Ana tuhumarsa a Amurka da kisan matarsa, ya gudu ya bar 'ya'ya biyu, Saito kuma ya ce da waya guda zai share tuhumar.

Me ya sa dashe ya fi sata wuya? A nan ne fim ɗin ya fara kama ni, domin amsar da ya bayar gaskiya ce da kowannenmu ya sani. Mutum yana gane maganar da aka kawo masa daga waje. Ka ce wa ɗanka ya bar abokin banza, zai ji ka, zai ce to, amma a ransa ya san maganarka ce, ranar da ya ga dama zai yar da ita. Shawarar da mutum ke riƙewa har kabari ita ce wadda yake ganin daga cikinsa ta tsiro. Don haka tawagar Cobb ba za ta iya zuwa ta raɗa wa Fischer cewa ya rushe kamfani ba. Dole su nitsa can ƙasa, inda ba a magana da lissafin riba da asara, su sami wani ciwo da ke ransa, su juya shi, har shawarar ta fito da kanta. Ciwon kuwa a fili yake. Mahaifinsa bai taɓa nuna masa ƙauna ba, kalmar ƙarshe da ya iya ji daga bakinsa ma ta nuna takaici ce.

Tawagar kowa da aikinsa. Arthur, wanda Joseph Gordon-Levitt ya taka, shi ne mai bincike da tsara komai. Eames na Tom Hardy gwanin sojan gona ne, yana iya sa fuskar wani a cikin mafarki. Ariadne ɗalibar zanen gine-gine ce a Paris, ita ke zana wuraren, kuma sunanta daga tatsuniyar Girkawa aka ɗauko shi, ta yarinyar da ta ba jarumi zare don ya fita daga ruɗaɗɗen gini mai lunguna. Sai mai haɗa magunguna da suka je nema a Mombasa ta ƙasar Kenya, sunansa Yusuf. Duk wanda ya tashi yana jin ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, da mafarkin sarki na shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, ba zai ji wannan suna a fim ɗin mafarki ya wuce shi haka kawai ba. Ga wanda ya san hadisin da ya kasa mafarki gida uku kuma, na gaskiya daga Allah, na tsoratarwa daga Shaiɗan, da na zancen zuci, fim ɗin gaba ɗayansa a gida na uku yake zaune. Babu wahayi a cikinsa, babu hango gaibu. Abin da mutum ya ƙunsa a ransa ne kawai ke fitowa ya sa kaya ya yi tafiya.

Darasin da Cobb ya ba Ariadne a Paris yana cikin wuraren da na fi so. Suna zaune a bakin wani shagon shayi suna hira, sai ya tambaye ta yadda aka yi suka zo nan. Ta buɗe baki za ta amsa, ta rasa. Lallai haka mafarki yake, ba ka taɓa tuna farkonsa, a tsakiya kake tsintar kanka. Kuma haka fim yake, ana yanke hoto a kai ka wani wuri, ba ka tambayar hanya. Mu ma masu kallo ba mu tambayi yadda suka zo ba sai da ya yi tambayar. Daga nan ta fara wasa da garin, ta naɗe titunan Paris suka rufo sama kamar an ninke tabarma, motoci suna tafiya a kife bisa kawunansu. Amma da ta yawaita canje-canje sai masu wucewa suka fara kallonta, suna bangaje ta, har suka far mata. Zuciyar mai mafarki tana jin baƙo a cikinta, tana kuma taso masa kamar yadda jiki ke taso wa cuta.

Yanzu ga dokokin da in ka riƙe su ba za ka ɓata ba. Lokaci a mafarki ya fi na farke tsawo: da maganin da aka saba, minti biyar na barci awa guda ne a ciki. Da maganin Yusuf mai ƙarfi kuwa, kowane hawa, wato mafarki a cikin mafarki, yana ninka na samansa kusan sau ashirin. Jirgin da za su yi aikin a cikinsa, daga Sydney zuwa Los Angeles, tafiyar awa goma ce a lissafin fim ɗin. Awa goman nan kusan mako guda ne a mafarki na farko, wata shida a na biyu, shekara goma a na uku. Hanyar fita ita ce faɗuwa. Ka san zaburar nan da mutum ke yi idan ya fara gyangyaɗi ya ji kamar ya zame daga tudu? Ita suke amfani da ita, Yusuf ya haɗa maganinsa yadda ba zai taɓa sashen kunne mai kula da daidaiton jiki ba, don mai barci ya ji faɗuwar. Sai doka ta ƙarshe, mai ban tsoro. A mafarkin yau da kullum, in an kashe ka farkawa kake yi. Da wannan magani mai nauyi jiki ba zai iya farkawa ba, sai hankali ya zurma can ƙasa, wani fili marar iyaka da suke kira Limbo, inda mutum zai iya shafe shekaru aru-aru har ya manta cewa akwai wata duniya.

Saito ya sayi kamfanin jirgin sukutum don a sami damar aikin. Aka sa wa Fischer magani a ruwan sha, kowa ya kwanta.

Hawa na farko mafarkin Yusuf ne: birni ana tafka ruwan sama, domin shi Yusuf ya sha abin sha a jirgi fitsari ya matse shi, jikinsa na can sama yana aiko da saƙo. Suka sace Fischer a tasi. Nan take abu ya lalace. Jirgin ƙasa ya keto tsakiyar titi yana ture motoci, 'yan bindiga suka buɗe musu wuta ta ko'ina. Ashe an taɓa horar da zuciyar Fischer ta kare kanta daga ɓarayin mafarki, Arthur kuma bai gano haka a bincikensa ba. Harsashi ya sami Saito, wanda ya biyo su cikin mafarkin, a ƙirji. Mako gudan da suka yi niyyar ɗauka a natse ya zama tsere. A nan Eames ya sa fuskar Browning, amintaccen mahaifin Fischer wanda yaron ke ɗauka kamar kawu, ya shuka maganar cewa akwai wata wasiyya ta biyu a ɓoye cikin akwatin ƙarfe.

Suka shiga farar mota, Yusuf na tuƙi, sauran suka sake kwanciya a kujerun baya. Hawa na biyu mafarkin Arthur ne, wani otal na alfarma. Dabarar da Cobb ya yi a nan ta fi kowacce haɗari: ya je ya gaya wa Fischer gaskiya rabi. Ya ce masa mafarki kake yi, an shigo kanka za a yi maka sata, ni ne mai tsaronka. Ya juya shi har ya fara zargin Browning, sannan ya ce to mu shiga kan Browning mu ga abin da yake ɓoyewa. Fischer ya yarda ya kwanta, bai san cewa ƙara nitsawa yake yi cikin nasa kan ba. Daga nan ya zama ɗan tawagar da ke yi masa aiki a kai, yana taya su da hannunsa. Hawa na uku mafarkin Eames ne, wani asibiti mai kama da sansanin soja a kan dutse cikin dusar ƙanƙara, kuma a can ciki ne ɗakin ajiyar yake.

Wanda mafarkin yake nasa ba ya sauka ƙasa, shi ke tsayawa ya yi gadi ya kuma shirya faɗuwar da za ta tashi sauran. Wannan ita ce amsar tambayar da aka fi yi mini, wato me ya sa tawagar ke raguwa a kowane hawa. Kuma abin da ya sami jikinka a sama yana girgiza duniyar da ke ƙasa. Da motar Yusuf ta yi ta wuntsilawa a gangaren titi, sai dogon barandar otal ya riƙa juyawa, Arthur yana dambe da wani ɗan bindiga a bango, a rufi, a ƙasa. Da motar ta faɗo daga gada tana cikin iska, sai nauyi ya ɗauke gaba ɗaya a otal, mutane suna shawagi, a kan dutse kuma ƙanƙara ta zabtaro. Daƙiƙun da motar za ta yi kafin ta taɓa ruwa su ne 'yan mintunan Arthur, su ne kuma kusan awa guda ga mutanen kan dutse. To yaya za ka jefar da mutum a inda babu faɗuwa? Arthur ya tattara abokansa masu barci, ya ɗaure su da waya kamar damin itace, ya tura su cikin lifta, ya dasa nakiya ta harba liftar. Duk lokacin da na zo nan sai na yi murmushi don daɗi, domin matsalar daga dokokin fim ɗin ta fito, maganinta ma daga cikinsu ya fito, ba a yi mana maguɗi ba.

Barandar nan mai juyawa ba aikin kwamfuta ba ce. Gina ta aka yi, tsawon kusan mita 30, a cikin wata tsohuwar rumfar jiragen sama a Cardington ta Ingila, aka ɗora ta a kan manyan zobba masu juyawa da inji, Gordon-Levitt ya shafe makonni yana koyon tafiya a ciki. Jirgin ƙasan da ya keto titi ma gangar jiki aka ƙera aka ɗora wa babbar mota, aka tuƙa ta a titin Los Angeles. An ɗauki fim ɗin a ƙasashe shida: Japan, Ingila, Faransa, Maroko inda birnin Tanja ya tsaya a madadin Mombasa, Amurka, da Kanada inda aka gina sansanin kan dutse. An kashe kimanin dala miliyan 160, ya kuma dawo da sama da miliyan 800. A bikin Oscar ya shiga takara a rukuni takwas ya ci huɗu: ɗaukar hoto, wanda Wally Pfister ya karɓa, da siddabarun hoto, da biyu na sauti. Abin da har yau bai kwanta mini ba shi ne Lee Smith, wanda ya tace hotunan ya jera su, ko sunansa ba a sa a takara ba. Mutumin da ya riƙe duniya huɗu suna gudu lokaci guda, kowacce da saurin agogonta, mai kallo bai rasa inda yake ba, ai shi ya fi cancanta a fara kira.

Kiɗan Hans Zimmer ma yana da sirri. Tawagar tana sa wa mai gadi wata tsohuwar waƙar Edith Piaf, mawaƙiyar Faransa, a kunne, don ya san lokacin faɗuwa ya kusa. Ƙarar ƙahonnin nan masu nauyi da ke girgiza ƙirji tun farkon fim daga wannan waƙar aka samo su, an ja ta ne an rage mata sauri sosai, kamar yadda za ta iso kunnen wanda ke can ƙasa inda lokaci ke jan ƙafa. Marion Cotillard kuwa, wadda ta fito a matsayin matar Cobb, ita ce ta ci Oscar a 2008 saboda fitowa a matsayin Piaf ɗin a wani fim.

Matar nan, Mal, ita ce zuciyar labarin, kuma duk hawa-hawan da na lissafa matakala ce kawai ta isa gare ta. Tun farko muna ganinta tana ɓullowa a mafarkai tana ɓata wa Cobb aiki, tana harbi, tana suka da wuƙa. Ta riga ta mutu. Wadda muke gani Cobb ne ke ɗauke da ita a ransa, jirgin ƙasan da ya keto titi ma daga kansa ya fito. Sannu a hankali Ariadne ta tono labarin. Cobb da Mal sun taɓa nitsawa har Limbo, suka zauna shekara hamsin suna gina birane daga tunaninsu, suka tsufa tare. Mal ta zaɓi ta manta cewa mafarki ne. Tana da wani ɗan ƙarfe da ake murzawa ya yi ta juyi kamar katantanwar yara: a farke yana gajiya ya faɗi, a mafarki ba ya tsayawa. Ta kai shi akwatin ƙarfe ta kulle, wato ta rufe gaskiyar da ba ta son gani. Cobb yana son su koma wurin 'ya'yansu, ta ƙi. Sai ya je ya buɗe akwatin, ya murza ƙarfen, ya rufe shi yana juyi. Tunani guda ya dasa mata: duniyar nan da kike ciki ba gaskiya ba ce. Ta yarda, suka kwanta a kan layin dogo, jirgi ya bi ta kansu, suka farka a ɗakinsu da ƙuruciyarsu.

Tunanin bai tsaya a can ba. Ta farka da shi. Tana kallon 'ya'yan da ta haifa tana cewa ba su ba ne, na gaskiya suna can sama suna jira. Ta yi ta roƙonsa su sake mutuwa tare. A daren zagayowar ranar aurensu ta zauna a bakin tagar otal, ta riga ta kai wa lauya takarda cewa mijinta na barazana ga ranta, ta kuma sa likitocin ƙwaƙwalwa uku sun shaida lafiyarta ƙalau, duk don ta toshe masa hanya ya biyo ta. Ta saki jiki ta faɗa. Shi ya sa tun farko, da kowa ke cewa dashen tunani ba zai yiwu ba, Cobb ya ce zai yiwu. Ya taɓa yi, a kan wadda ya fi so a duniya, da kyakkyawar niyya, kuma dashen ne ya kashe ta.

Idan ka riƙe wannan, sai wurin da Fischer ya shiga ɗakin ajiya ya canza maka ɗanɗano. Ya tarar da mahaifinsa a gadon asibiti, tsohon ya sake furta kalmar takaicin nan, Fischer ya ce na sani, don na kasa zama kamarka. Tsohon ya nuna masa a'a, takaicinsa shi ne da ya yi ƙoƙarin zama kamarsa. Ya buɗe ƙaramin akwatin da ke gefen gado, ga wasiyya, ga kuma 'yar fankar takarda da ya yi wasa da ita yana yaro, uban ya adana ta duk shekarun nan. Cillian Murphy, wanda ya fito a matsayin Fischer, ya fashe da kuka, ni ma kallon farko sai da idona ya kawo ruwa. Alhali na san ƙarya ce. Babu tsohon a wurin, babu fanka, wani abokin hamayya ne ya biya kuɗi aka shirya wannan sulhu don a karya kamfani. Yaron ya sami salamar da bai samu ba mahaifinsa na raye, ta hanyar yaudara mafi muni da za a yi wa ɗan Adam. Fim ɗin bai wanke tawagar ba, bai kuma tsine musu ba. Ya nuna mana abin da irin wannan dashe ya yi wa Mal, sannan ya bar mu muna murna an yi wa Fischer. Na daɗe ina juya wannan a raina, kuma ina ganin da gangan Nolan ya bar ƙayar a wurin, domin abin da aka yi wa Fischer shi ake yi wa mai kallo: an gina mana wuri, mun cika shi da namu iyaye da namu rashi, mun fito da wani abu a ƙirji muna jin namu ne.

Ta fuskar kimiyya, na'urar haɗa mafarki babu ita, kuma ninkin lokaci ƙagen labari ne. Stephen LaBerge na Jami'ar Stanford, wanda ya yi bincike kan masu sanin suna mafarki alhali suna cikinsa, ya sa su ƙirga daƙiƙu suna ba da alama da motsin ido, ya tarar lokacin ciki da na waje kusan ɗaya ne. Amma sauran ba su yi nisa da gaskiya ba. Tun 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka gano a Jami'ar Chicago matakin barcin da ido ke yawan motsi, wanda a cikinsa aka fi yin mafarki mai armashi. A 2021 masu bincike daga Amurka da Faransa da Jamus da Holan suka buga sakamakon gwajin da aka yi wa masu barci tambayoyin lissafi masu sauƙi, wasu suka amsa daidai da motsin ido ko na fuska ba tare da sun farka ba. Dashe kuma ba ya ma buƙatar barci. Elizabeth Loftus ta nuna a shekarun 1990 cewa ana iya sa baligi ya tuna ya taɓa ɓata a kasuwa yana yaro, abin da bai taɓa faruwa ba, idan aka ce masa wani ɗan'uwansa ne ya ba da labarin. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun karɓa. Dubi hanyar: ta bakin na gida aka shiga, kamar yadda Eames ya shiga da fuskar Browning.

Fim ɗin yana da inda ya gaza. Hawan dusar ƙanƙara ya fi sauran rauni, kowa sanye da fararen kaya fuska a rufe, sai ka rasa wa ke harbin wa. Ariadne ma an ɗora mata yawan tambaya don a yi mana bayani, har ba a bar mata labarin kanta ba. Masu cewa mafarkan sun cika tsari, ba su da shirmen mafarkin gaske, suna da hujja, ko da yake labarin ya ba da dalili: ginannun mafarkai ne da aka zana don kada wanda ake yaudara ya farga.

Bayan Mal ta harbe Fischer a kan dutse, tun kafin ya shiga ɗakin ajiyar, Cobb da Ariadne suka bi shi Limbo suka ceto shi, a can kuma Cobb ya fuskanci matar. Ya faɗi laifinsa da bakinsa a karon farko, ya kuma gaya mata cewa ita inuwa ce kawai, duk iya ƙoƙarinsa ba zai iya ƙago matarsa da cikar halinta da ajizancinta ba. Ya sake ta. Ya tsaya neman Saito, wanda rauninsa ya kashe shi ya zurma tun da farko, ya same shi tsoho tukuf a wata fada a bakin teku, wurin da fim ɗin ya buɗe da shi. Suka tuna wa juna alkawari. Sai ga su sun buɗe ido a jirgi, Saito ya ɗauki waya.

Cobb ya wuce jami'an shige da fice, surukinsa Miles, wato Michael Caine, ya tarbe shi ya kai shi gida. Ya murza ƙarfen a kan tebur. Yara suka juyo, karo na farko da muka ga fuskokinsu a duk fim ɗin. Kyamara ta koma kan ƙarfen yana juyi, ya ɗan yi tangaɗi, allo ya yi baƙi. Shekara da shekaru ana gardama a kan daƙiƙun nan. Masu cewa farke ne suna da hujjoji masu ƙarfi: a mafarki Cobb yana sanye da zoben aure, a farke babu, kuma a wurin ƙarshe ba a ga zoben ba. Sunayen 'yan wasa sun nuna yara biyu-biyu ne suka fito a matsayin 'ya'yan, ƙanana da waɗanda suka ɗan girma. Caine ma ya faɗa a bainar jama'a cewa Nolan ya gaya masa duk wurin da shi Caine yake ciki gaskiya ne. Ni ina tare da su, ƙarfen da ke juyi a mafarki ba mu taɓa ganin ya yi tangaɗi ba. Amma a kallo na uku na daina kallon tebur na bi Cobb da ido. Duk tsawon fim ɗin, in ya murza ƙarfen nan tsayawa yake a kansa, har akwai inda ya riƙe bindiga kusa da kansa yana jiran ya ga ko zai faɗi. A wannan karon ya murza, ya ji muryar yaransa, ya juya baya ya nufi ƙofar lambu, ya ɗaga ƙaramin sama, yaron yana ba shi labarin gidan da suke ginawa.